Julián Gayarre: Maƙerin da ya zama sarkin mawaƙan opera

Babu wani mai rai a yau da ya taɓa jin muryar Julián Gayarre, domin kuwa ba a san da wani faifai da aka naɗi waƙarsa a kai ba. Amma har yanzu ana lissafa shi cikin manyan mawaƙan da ƙasar Spaniya ta haifa.

An haifi Gayarre ne ranar 9 ga watan Janairun 1844 a ƙauyen Roncal da ke cikin tsaunukan lardin Navarra, a gidan talakawa. Ya fara da kiwon tumaki, daga bisani ya koyi ƙira.

Yana aikin maƙera a birnin Pamplona ne ya shiga ƙungiyar mawaƙan garin. A nan wani fitaccen malamin kiɗa, Hilarión Eslava, ya ji muryarsa, ya kuma yi masa hanyar karatu a makarantar kiɗa ta Madrid.

Opera dai wasan kwaikwayo ne da ake rera shi cikin waƙa, kuma a wancan zamani babu lasifika, sai ƙarfin ƙirjin mawaƙi. Gayarre na da irin muryar maza mai tashi sama da ake kira tenor, wadda akasari ake bai wa jarumin wasa. An fi yaba masa da iya riƙe numfashi, da yadda yake sassauta murya har ta zama kamar raɗa, amma ta kai ga na kujerar ƙarshe.

Ya fara fitowa a Italiya a garin Varese a 1869. Sai dai a 1876 ne tauraronsa ya haska, lokacin da ya yi wasan La Favorita a dandalin La Scala na Milan, inda 'yan kallo ba sa yi wa baƙo sassauci. Daga nan sai Landan da Paris da sauran manyan birane.

Duk da arzikin da ya samu bai manta da ƙauyensu ba, inda ya gina makaranta da kuɗinsa.

A watan Disambar 1889, yana tsakiyar wani wasa na Bizet a dandalin Teatro Real na Madrid, muryarsa ta sarƙe a gaban jama'a. Bai sake hawa dandali ba. Ya rasu ranar 2 ga Janairun 1890, saura mako guda ya cika shekaru 46.

Likitoci sun cire maƙogwaronsa domin bincike, kuma yana ajiye a gidansa na Roncal da aka mayar gidan tarihi. A ƙauyen aka binne shi, ƙarƙashin wani gini na marmara da tagulla da masassaƙi Mariano Benlliure ya tsara.