Gotthold Ephraim Lessing (1729-1781)

An haifi Gotthold Ephraim Lessing a garin Kamenz na ƙasar Jamus a shekarar 1729. Mahaifinsa limamin coci ne, kuma a 1746 aka tura shi Jami'ar Leipzig domin ya karanta ilimin addini. Sai dai dandamalin wasan kwaikwayo ya ɗauke masa hankali, har ƙungiyar Caroline Neuber ta gabatar da wani wasa nasa a 1748. A 1760 ya fassara wasannin Diderot daga Faransanci zuwa Jamusanci.

A 1767 wasu attajiran Hamburg suka kafa gidan wasan kwaikwayo na ƙasa, suka ɗauki Lessing ya zama mashawarci kuma mai sharhi a kan duk abin da aka gabatar. Masana na ɗaukarsa a matsayin wanda ya fara riƙe irin wannan muƙami. Aiki ne mai wuyar sha'ani, domin masu biyansa albashi su ne kuma waɗanda zai fede wa biri har wutsiya. Ba a jima ba 'yan wasa suka fusata da gyararrakinsa, dole ya daina taɓa su. Daga nan ya karkata ga nazarin tsarin wasannin kansu. Ya soki yadda Jamusawa ke kwaikwayon Corneille da Voltaire ido rufe, ya nuna cewa Faransawa sun riƙe ɓawon ƙa'idojin Aristotle ne kawai. A ganinsa Shakespeare na Ingila ya fi su cimma manufar wasan ban tausayi, wato motsa tausayi da tsoro a zuciyar mai kallo.

Gidan wasan ya durƙushe a 1769 saboda ƙarancin kuɗi da na 'yan kallo. Abin da ya rage shi ne maƙalu 104 da aka tattara da sunan Hamburgische Dramaturgie, waɗanda ɓarayin ɗab'i suka ci moriyarsu, shi kuwa ya tashi da bashi.

A 1770 ya karɓi aikin kula da ɗakin karatu a Wolfenbüttel. Muhawararsa da limami Goeze ta sa a 1778 hukuma ta hana shi buga rubutun addini ba tare da izini ba, sai ya mayar da hujjojinsa cikin wasa. Nathan der Weise (1779) ya haɗa Bayahude da Kirista da Sarki Salahuddini a birnin Ƙudus. Lessing ya rasu a Braunschweig a 1781, ba a kuma gabatar da wasan a dandamali ba sai 1783, a Berlin.