Samson na Bury St Edmunds (1135 – 1211): Mai Tsaron Hurumi

Gabatarwa

A Ingila ta ƙarni na 12, ruhubanawa, wato Kiristocin da suka ƙaurace wa aure da dukiya don ibada, suna zaune ne a manyan gidaje masu filaye da talakawa. Sarakuna sukan ba wasu gidajen hurumi a rubuce, ta yadda shari'a da tara da kuɗin kasuwa na yankin duk sukan koma hannun shugaban gidan. Rayuwar Samson tana nuna yadda aka yi ta jayayya a kan irin wannan hurumi.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Samson a ƙauyen Tottington na lardin Norfolk a shekarar 1135. Ya yi karatu a Paris, kuma a 1166 ya shiga gidan ruhubanawa na Bury St Edmunds, inda kabarin Sarki Edmund yake. Ya ƙware a Latinanci da Faransanci, amma da karin Ingilishin Norfolk yake yi wa talakawa wa'azi. A 1182 aka zaɓe shi shugaba a gaban Sarki Henry na II. Ya tarar bashi ya yi wa gidan katutu, don haka ya fara da ƙididdige filaye da kuɗin da ake bin kowa, ya sa aka rubuta su a littafi.

Shari'o'insa

Tun zamanin Sarki Edward, a ƙarni na 11, gidan yake riƙe da shari'ar gundumomi takwas da rabi a yammacin Suffolk. A cikin yankin akwai ƙauyen Eleigh, mallakar ruhubanawan Canterbury. Da aka yi kisan kai a can, mutanen Akbishop Baldwin suka ce su ne za su yi hukunci. Samson ya aika da mutum kusan 80 da makamai, suka kwaso waɗanda ake zargi su uku zuwa Bury. A 1187 maganar ta je gaban sarki, kowane ɓangare ya fito da takardarsa, sai ga shi duka biyun daga Sarki Edward suke, kuma suna karo da juna. Samson ya nemi a tambayi mutanen Norfolk da Suffolk, Akbishop ya ƙi, don yana ganin za su goyi bayan Bury. Sarki ya tashi cikin fushi ba tare da yanke hukunci ba.

Haka kuma ya kai jarumawan da ke riƙe da filayen gidan ƙara kotun sarki. Su 50 ne, amma hidimar mutum 40 suke yi, sai da kowannensu ya amsa cikakken nauyinsa. A zamanin Sarki John, ruhubanawan Ely suka buɗe kasuwa a Lakenheath, wadda za ta rage wa ta Bury ciniki. Samson ya biya sarki kuɗi ya sami umarnin hana ta, sannan mutum kusan 600 suka je suka watsa rumfunan.

Halinsa

Jocelin na Brakelond, wanda ya yi masa hidima shekara shida, ya rubuta tarihinsa, bai kuwa ɓoye aibinsa ba. Ruhubanawansa sun yi kuka da yadda yake ƙwace musu iko a cikin gida, alhali yana kare 'yancinsu a waje. A 1190, bayan an kashe Yahudawa 57 a Bury, ya nemi izinin sarki ya kori sauran daga garin, bisa hujjar cewa su mutanen sarki ne, ba sa ƙarƙashin hurumin. Nan hurumin da yake karewa ya zama makami a kan marasa ƙarfi.

Kammalawa

Samson ya rasu ranar 30 ga Disamba, 1211, bayan shugabancin kusan shekara 30. Abin lura ga ɗalibi shi ne, takarda kaɗai ba ta kashe rigima a wancan zamani. Sai an haɗa ta da shaidar jama'a da kuɗi da ƙarfi, kuma talakan da ke tsakiya ba a cika tambayarsa ba.