Sarkin Yauri Abdullahi da Zamanin Zinariya

In kun duba taswirar Nijeriya, kuka bi kogin Kwara da yatsa daga inda ya shigo ƙasarmu, ba za ku daɗe ba sai ku tarad da garin Yelwa a gaɓar gabas. Nan ne fadar Sarkin Yauri. Ƙasar Yauri tsohuwar ƙasa ce, tana cikin waɗanda masu tarihi ke kira Banza Bakwai. Mutanenta kuwa iri iri ne. Akwai Yaurawa, akwai Kambari da Dukkawa manoma, akwai Shangawa da Lopawa, akwai kuma Gungawa waɗanda suka zauna bisa tsibiran kogi suna su, suna noman albasa. A wannan ƙasa Sarki Abdullahi ya yi mulki shekara talatin da biyu, daga 1923 zuwa 1955.

Kakansa shi ne Abdullahi Abarshi, wanda ya ci sarauta a 1888. Kafin zamaninsa Yauri ta sha wuya ƙwarai. 'Ya'yan sarki suna ta yaƙi da juna saboda gadon sarauta, mayaƙan Kwantagora kuma suna shigowa suna kwasar mutane. Tsohon birni, watau Birnin Yauri, ya koma kamar kufai. Abarshi ne ya zaunad da fada a Yelwa. Da ya rasu a 1904 sai ɗansa Jibrilu ya gaje shi, shi ne mahaifin Abdullahi.

Abdullahi ya taso ne lokacin da Turawa ke kafa mulkinsu, ya kuwa sami abin da 'ya'yan sarakuna kaɗan suka samu a wancan zamani, watau ilmin boko. Ku da kuke zuwa makaranta kowace safiya ba za ku gane girman wannan abu ba. A lokacin nan iyaye ɓoye 'ya'yansu suke yi in an zo neman yaran makaranta, har wani babban mutum yakan aika da ɗan baransa a maimakon nasa.

Yana cikin ƙuruciya sai sarauta ta fita daga gidansu. A 1915 Turawa suka sauke Jibrilu bisa dalilin rashin lafiya, suka naɗa wani Bafillace mutumin Jabo, sunansa Aliyu, wanda ba shi da gado ko kaɗan a Yauri. Ba su tsaya nan ba, sai suka ɗauki ƙasar Busa ta ƙetaren kogi suka sa ta ƙarƙashinsa. Mutanen Busa, waɗanda ba su taɓa bin Yauri ba, suka ƙi yarda, suka yi tawaye a shekarar nan, aka zubad da jini. Daga baya tilas aka raba ƙasashen biyu. Aliyu ma bai daɗe ba, a 1923 aka tuɓe shi. Sa'an nan aka waiwayi gidan Abarshi, aka naɗa Abdullahi yana saurayi. Shekara ta kewayo aka rushe Lardin Kwantagora, Yauri ta koma cikin Lardin Sakkwato.

Sabon sarki ya sami ƙasa tana bukatar gyara, ya kuwa iya abin da ake bukata. Yana karanta takarda da kansa, yana duba lissafin baitulmali da kansa, ba mai karanta masa abin da ba shi ke rubuce ba. Amma bai cika shekara goma bisa gado ba sai ga wani al'amari wanda ba a koya wa kowa a makaranta ba.

A 1929 kasuwar duniya ta faɗi. Gyaɗa da auduga suka yi arha har manomi ya rasa inda zai sa kansa, ga fara ta sauko, ga haraji kuma sai da tsabar kuɗi. Kuza ma ta faɗi, aka rufe wuraren haƙa da yawa a Jos, Turawa da leburori suka zauna ba aiki. Abu ɗaya ne kaɗai ya tashi. A 1931 Ingila ta daina auna kuɗinta da zinariya, sai fam ya yi rauni, zinariya ta yi tsada. Tun 1913 ake samun 'yar zinariya a Nijeriya ta Arewa, amma ba wanda ya kula da ita sosai. Yanzu kuwa sai masu haƙa suka bar Jos suka bazu, waɗansu wajen Minna, waɗansu Birnin Gwari, waɗansu Zamfara, waɗansu kuma suka nufo Yauri, suka kafa bukkoki a dajin da ke kewaye da Birnin Yauri.

Bari mu tsaya mu ga yadda ake wannan aiki, don sai an san shi za a san nauyin da ya hau kan sarki.

Zinariya iri biyu ce wajen samu. Akwai ta rafi, akwai ta dutse. Ta rafi ita ce wadda ruwan sama ya wanko daga duwatsu shekaru aru aru, ta kwanta cikin yashi da tsakuwa. Mutum yakan ɗebi yashin cikin kwano ko ƙwarya, ya tsaya cikin ruwa, ya yi ta juyawa a hankali kamar mace na rairayar tsaba. Zinariya ta fi ruwa nauyi wajen sau 19, yashi kuwa bai kai sau uku ba. Saboda haka yashi ke bin ruwa ya zube, ita kuwa ta nutse a gindin kwano. Sau da yawa mutum ya wuni yana wanki, abin da zai samu bai fi ƙwayar gero ba.

Ta dutse ta fi wuya. Tana cikin wani farin dutse mai tauri wanda ya ratsa ƙasa kamar jijiya. Sai a bi shi da diga da shebur, a haƙa rami kamar rijiya, in an kai ga jijiyar a karkata a bi ta ta ƙarƙashin ƙasa. A fito da dutsen, a farfasa da guduma, a daka a turmi har ya zama gari, sa'an nan a wanke. Waɗansu sukan zuba zaiba cikin garin, domin zaiba tana kama zinariya ta dunƙule da ita. Sai a ƙona dunƙulen, zaiba ta tashi ta bi iska, zinariya ta rage.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Kowane mataki na wannan aiki yana da nasa haɗari. Rami in ba a tokare shi da itace ba, ko aka haƙa shi kusa da wani har bangon da ke tsakaninsu ya yi siriri, yakan rufta, musamman da damina sa'ad da ƙasa ta sha ruwa. Wanda ke ciki kuwa da ƙyar ake tarad da shi da rai. In rami ya yi zurfi iska mai kyau ba ta kai ƙasa. Shi ya sa masu hankali ke fara zura fitila. In ta mutu, mutum ma ba zai rayu a can ba. Ƙurar farin dutse tana shiga huhu ta zauna, ba ta fita, sai bayan shekaru mutum ya kama tari da haki. Hayaƙin zaiba kuma guba ne, yana sa rawar jiki, yana taɓa ƙwaƙwalwa. Ban da waɗannan duka, ga taron mutane a daji ba rijiya mai kyau, ba salga, cuta ba ta da wuyar yaɗuwa.

To, abin mamaki shi ne, zinariyar nan da ke cikin ƙasar Yauri ba ta Sarkin Yauri ba ce. Dokar ma'adinai ta Turawa ta ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnati ne. Gwamnati ke ba da lasin, ma'aikatanta masu duba wuraren haƙa kuma mazauninsu Jos, tafiya mai nisan gaske daga bakin Kwara. Talakan da ya wanko zinariya ba shi da ikon sayar wa wanda ya ga dama, sai ya kai wa mai lasin, ya karɓi abin da aka yanka masa. Ribar tana tafiya can. Abin da ya rage wa sarki da En'e tasa shi ne mutanen: baƙin da za a ƙidaya a sa musu haraji, rigimar gona da ta bashi da za a kai gaban alkali, ɓarayi da 'yan caca da 'yan doka za su yi fama da su, da samarin da suka bar fartanya suka tafi rami. A ganina wannan rabo bai yi daidai ba.

Abin bai daɗe ba. A 1939 Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi. Da Japan ta kama ƙasar Malaya, inda ake haƙo kuza mai yawa, sai hankalin Gwamnati ya koma Jos gaba ɗaya. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi abin da mutane suka kira ɗiban gwamna, aka kwashi dubban talakawa daga larduna, har da Lardin Sakkwato, aka kai su haƙar kuza tilas. Sanyin Jos da ƙarancin abinci da cuta suka kashe da yawa. Haƙar zinariya kuwa ta yi ta ja da baya, masu lasin suka tattara kayansu, suka bar ramuka a buɗe, ciyawa ta rufe bakinsu.

Abin da aka fi tuna Sarki Abdullahi da shi a Yauri ba zinariya ba ne, makaranta ce. Shi da ya ɗanɗana amfanin karatu bai yarda ya tsaya a kansa ba. Ya matsa wa hakimai da iyaye su kawo yara, ya sa na gidansa. Ƙasarsa ƙarama ce in an gwada ta da Sakkwato ko Gwandu, amma ta yi suna wajen fid da malamai da ma'aikata. Daga gidan nan ne aka sami Muhammadu Zayyanu Abdullahi, wanda ya shugabanci Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato kafin ya zama Sarkin Yauri a 1999.

Allah ya yi wa Sarki Abdullahi rasuwa a 1955, ɗansa Muhammadu Tukur ya gaje shi. Bai ga babban canjin da ya zo wa ƙasarsa ba. A 1968 aka gama madatsar ruwa ta Kainji, tafki ya cika, ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibiran Gungawa, aka ta da mutane fiye da dubu arba'in aka sake musu mazauni. A 1991 Yauri ta shiga sabuwar Jihar Kabi, tare da Ngaski da Shanga.

Ramukan nan kuwa ba su mutu ba, barci suka yi. Da zinariya ta sake tsada sai jikokin masu haƙa suka koma musu da diga da kwano irin na dā, da injin niƙa a maimakon turmi. A 2010 aka ga wani haɗari wanda mutanen zamanin Abdullahi ba su sani ba. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, dutsen da ake haƙowa yana haɗe da dalma, ana kawo shi cikin gida ana niƙawa inda yara ke rarrafe. Ƙurar ta shiga abincinsu da ruwansu, yara fiye da 400 suka mutu. A 2020, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta fara rubuta sunayen masu ƙaramar haƙa don a san su, a koya musu aiki ba tare da guba ba, Yauri na cikin wuraren da aka fara.