Labarin Sarki Babur da Lambunsa na Kabul

Ka sani, ya kai mai karatu, wanda ya je birnin Kabul a ƙasar Afganistan, ya nufi gindin dutsen Sher Darwaza, zai tarad da wani lambu hawa-hawa, ruwa na gangarowa ta tsakiyarsa, ga hanyoyin tafiya cikin inuwar itatuwa. A can sama akwai kabari. Mai kabarin shi ne Zahiruddini Muhammadu, wanda aka fi sani da Babur.

An haife shi a Andijan cikin 1483, zuriyar Taimur ne ta wajen uba. Ubansa ya rasu cikin 1494, ya gaji sarauta yana yaro. Sau uku yana cin Samarƙandi, birnin kakanninsa, sau uku tana kuɓuce masa. Cikin 1504 ya sami Kabul, ya zauna, ya shiga dashe-dashe da jan ruwa, har ya kan fita da kansa ya zaɓi wurin da za a yi lambu. Wannan da muka ambata ɗaya ne daga cikinsu.

Sa'an nan cikin 1526 ya karya Sultan Ibrahim Lodi a Panipat, ya mallaki arewacin Hindu. Ga dukiya, ga giwaye, amma zuciyarsa ba ta zauna ba. Ya faɗi cikin littafin tarihin kansa yadda zafi da ƙura suka ishe shi, ba ruwa mai gudu cikin lambuna, ba inabi mai kyau. Ya sa aka haƙa rijiyoyi a Agra, bakin kogin Jamuna, aka yi lambu irin na gida. Wata rana aka kawo masa shammam daga Kabul, ya yanka, sai hawaye. Mutumin da bai ji tsoron rundunar Lodi ba ke nan!

Bai sake ganin Kabul ba. Ya rasu a Agra cikin 1530, aka rufe shi can, daga baya aka mai da shi lambunsa, bisa ga wasiyyarsa, kabarin a buɗe yake ga rana da ruwan sama. Jikan jikansa, Shah Jahan, ya gina masallacin farin dutse kusa da shi.

Yaƙin basasa na bayan 1992 ya ɓata wurin, mutane suka sare itatuwan don wuta, sanyi ya matsa musu. Daga 2002 Gidauniyar Aga Khan ta gyara katangu da magudanar ruwa, aka sake dashe, aka buɗe wa jama'a cikin 2008.