Gary Kildall: Mutumin da Ya Tsara Nahawun Baƙin Allo

Waɗanda suka fara taɓa kwamfuta a shekarun 1990, ko a Yamai ko a ofisoshin Tawa, har yau suna begen baƙin allon MS-DOS, inda harafin C ke tsaye yana jiran umarni. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa wannan salon magana da na'ura ya samo asali daga aikin Gary Kildall.

An haife shi ranar 19 ga Mayu 1942 a birnin Seattle na Amurka. Ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Washington a 1972, bincikensa kuwa ya shafi manhajar da ke fassara rubutun ɗan Adam zuwa abin da na'ura ke ganewa. Yana koyarwa a makarantar sojan ruwa ta Monterey ya ƙirƙiro wa kamfanin Intel harshen PL/M a 1973, sannan a 1974 ya rubuta CP/M, babbar manhajar da ke sarrafa ƙaramar kwamfuta. Shi da matarsa Dorothy suka kafa kamfanin Digital Research domin sayar da ita.

Hikimarsa ba baƙuwa ba ce ga ɗalibin harshe. Ya raba manhajar gida biyu: ginshiƙi wanda ba ya sauyawa, da ɗan sashe mai suna BIOS da ake daidaitawa da kowace na'ura, tamkar harshe guda mai kare-kare da dama. Umarninta ma jimla ne, aikatau a gaba, karɓau a baya, kamar jimlar umarni ta Hausa: a rubuta TYPE, a bi shi da sunan fayil. Sunan kuwa ba ya wuce haruffa takwas, sai ɗigo, sai wasu uku.

A 1980 kamfanin IBM ya nemi CP/M, amma ciniki bai faɗa ba. Sai Microsoft ya sayi 86-DOS, wadda aka gina bisa tsarin CP/M, ya ba IBM lasisinta. Da manhajojin biyu suka haɗu a kasuwa, DOS dala 40 ce, ta Kildall dala 240. Masu saye suka bi mai araha. Wani ya yi noma, wani ya kai amfanin rumbu.

Bai karaya ba. Ya fitar da GEM mai tagogi da linzami a 1985, ya kuma yi shekaru yana gabatar da shirin talabijin kan kwamfuta. Novell ya sayi kamfaninsa a 1991. Ya rasu a Monterey ranar 11 ga Yuli 1994, yana da shekara 52.

Begen wancan zamani bai kamata ya rufe giɓinsa ba. Manhajojin sun dogara da ma'aunin ASCII mai alamomi 128, wanda babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a cikinsa. Saboda haka ƙasa da kasa suka zama abu guda a allo, har sai da Unicode ya ba kowane baƙi mai lanƙwasa lambarsa a farkon shekarun 1990. Al'adar yar da lanƙwasar kuwa ta wanzu har cikin saƙonnin waya.

Sawun Kildall ma ya wanzu. CP/M ce ta yaɗa laƙaba wa ma'adanan bayanai haruffa, A da B suka zama na faifan tafi-da-gidanka. Shi ya sa har gobe babbar ma'adanar Windows take amsa sunan C.