Hermann Müller: Shugaban gwamnatin Jamus da jam'iyyarsa ta sakar wa igiya

A majalisar dokokin Jamus ta shekarun 1920, wadda ake kira Reichstag, ba a iya cewa Müller kawai a yi shiru, domin wakilai fiye da ɗaya ne ke amsa sunan. Shi ya sa aka riƙa liƙa wa kowanne sunan mazaɓarsa. Wanda ya fito daga yankin Franken ya zama Müller-Franken, kuma shi ne ya riƙe shugabancin gwamnatin ƙasar har sau biyu.

Müller shi ne sunan iyali mafi yawa a Jamus. Asalin ma'anarsa mai niƙan hatsi, kuma yawansa ba abin mamaki ba ne, tunda a da kusan kowane ƙauye yana da wurin niƙa da ruwa ko iska ke juyawa. Haka sana'o'i suka zama sunaye a ƙasar: Schmidt maƙeri, Weber masaƙi, Schneider tela. A arewa ana cewa Möller, a wasu sassan kudu kuma Miller. Yawan nan ya haifar wa sunan wata ma'ana ta biyu, domin idan Bajamushe ya ce Lieschen Müller, yana nufin kowace mace gama-gari, wadda ba kowa ba ce. Masu kallon ƙwallo sun san Gerd da Thomas na Bayern Munich. Masu adabi sun san Herta Müller, wadda ta ci kyautar Nobel a 2009. Tarihi kuma bai manta da Heinrich Müller ba, shugaban 'yan sandan sirri na Gestapo a mulkin Hitler. Hermann ne aka fi mantawa da shi, alhali kayan da ya ɗauka sun fi na yawancinsu nauyi.

An haife shi a Mannheim ranar 18 ga Mayu, 1876. Mahaifinsa ya rasu a 1892, lamarin da ya tilasta masa barin makaranta ya koyi aikin kasuwanci a Frankfurt. Shekara guda bayan nan ya shiga jam'iyyar ma'aikata ta SPD. Ya yi aikin jarida a garin Görlitz, sannan a 1906 aka zaɓe shi cikin kwamitin zartarwa na jam'iyyar. Ba gwanin magana ba ne mai tayar da taro. Ƙarfinsa yana wajen sulhu da haƙurin zaman tattaunawa.

A ƙarshen Yulin 1914, yaƙi na ƙofa, jam'iyyar ta tura shi Paris ya nemi matsaya ɗaya da 'yan gurguzun Faransa a kan kuɗin yaƙi. Kafin ya isa an harbe jagoransu, Jean Jaurès. Ya koma gida hannu rabbana, kuma 'yan kwanaki bayan haka SPD ta amince da kuɗin a majalisa.

Abin da ya bi shi har kabari ya faru ne a Yunin 1919. Ƙasashen da suka ci yaƙi sun ɗora wa Jamus sharuɗɗa masu tsanani: asarar ƙasa, rage soja, biyan diyya, da ƙwace duk yankunan da ta mallaka a ƙetare, ciki har da Kamaru da Togo. Daga wannan rabo ne arewacin Kamaru na Ingila ya samu, wanda ya haɗe da Najeriya a 1961. Shugaban gwamnati Philipp Scheidemann ya gwammace ya sauka da ya sa hannu. Amma ƙin sa hannu na nufin sojojin ƙawance su kutsa cikin Jamus, kuma janar-janar sun san ba su da ƙarfin tare su. Dole wani ya je. Müller, da bai wuce mako guda da zama ministan harkokin waje ba, shi ya tafi fadar Versailles tare da Johannes Bell, suka rattaba hannu ranar 28 ga Yuni. Waɗanda suka kai ƙasar ga faɗuwa suka koma gefe suna kiran masu sa hannu maciya amana. Zagin bai tsaya a baki ba: an kashe Matthias Erzberger a 1921, aka kashe Walther Rathenau a 1922.

Shugabancinsa na farko, a 1920, watanni uku kawai ya yi. Na biyun ya fara ne ranar 28 ga Yuni, 1928, bayan SPD ta samu kujeru 153. Ya haɗa gwamnatin gamin gambiza mai jam'iyyu biyar, daga wakilan ma'aikata har zuwa DVP, jam'iyyar da masu masana'antu ke mara wa baya. Tun a watannin farko jam'iyyarsa ta kunyata shi. Ta yi yaƙin zaɓe da adawa da ƙera wani babban jirgin ruwan yaƙi, majalisar ministocinsa ta amince a ƙera shi, sai a Nuwamba 'yan jam'iyyar suka tilasta masa ya kaɗa ƙuri'a a Reichstag yana adawa da shawarar gwamnatin da yake jagoranta. Shugaban da aka yi wa haka da wuya abokan ƙawance su sake jin tsoronsa.

Duk da haka ya kai ga shirin Young, wanda ya sassauta biyan diyya. Amma a Oktoban 1929 Gustav Stresemann, wanda ke riƙe da DVP cikin ƙawancen, ya rasu, kasuwar hannun jari ta New York kuma ta rushe. Marasa aiki suka haura miliyan 3, asusun inshorar rashin aiki ya kasa ɗaukarsu. SPD da ƙungiyoyin ƙwadago suka ce a ƙara abin da ma'aikata da masu kamfanoni ke zubawa daga kashi 3.5 zuwa kashi 4 cikin ɗari. DVP ta ce a rage abin da ake biyan marasa aikin. Heinrich Brüning na jam'iyyar Zentrum ya kawo tsaka-tsaki, Müller ya yarda, amma 'yan majalisar jam'iyyarsa suka ƙi. Ranar 27 ga Maris, 1930, ya sauka.

Bai dace a ɗora wa SPD laifin duka ba. Shugaban ƙasa Hindenburg da na kusa da shi sun daɗe suna neman hanyar raba ta da mulki, kuma ikon dokar ta-ɓaci na sashe na 48 da ya hana Müller, shi ya ba Brüning. Jam'iyyar dai ta sauƙaƙa musu aikin a kan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Gwamnatin, wadda ta yi watanni 21, ita ce mafi daɗewa a Jamhuriyar Weimar, kuma ita ce ta ƙarshe da ta tsaya a kan rinjayen majalisa. A zaɓen Satumban 1930 kujerun 'yan Nazi suka tashi daga 12 zuwa 107.

Müller ya daɗe yana fama da ciwon matsarmama. Ya rasu a Berlin ranar 20 ga Maris, 1931, bayan tiyata, yana da shekara 54, aka binne shi a maƙabartar Friedrichsfelde. Hitler ya hau mulki ranar 30 ga Janairu, 1933, a Yunin shekarar kuma aka haramta SPD.