Abdulkarim Barth: Baƙon da masaukinsa a Katsina ya kusa zame masa tarko

Baƙon da ya shigo Katsina a yau yakan nufi unguwar GRA, ya kama ɗaki a otal, ya biya, in ya gama abin da ya kawo shi ya kama gabansa. A 1851 ba haka abin yake ba. Babban baƙo na sarki ne, sarki ke ba shi masauki, kuma ba ya tafiya sai an sallame shi. Heinrich Barth, Bajamushen da mutanen ƙasar Hausa suka sani da Abdulkarim, ya ɗanɗani wannan tsari.

An haife shi a Hamburg a 1821, ya yi karatu a jami'ar Berlin, ya kuma iya Larabci. A 1850 ya taso daga Tarabulus tare da James Richardson da Adolf Overweg, a tafiyar da gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyi.

Ya iso Katsina a watan Janairun 1851 cikin ayarin gishirin Abzinawa, hannunsa kusan wayam, domin kayansa sun riga shi wucewa Kano. Sarkin Katsina Muhammadu Bello ya aika masa da rago da zuma, aka sauke shi a wani ƙaramin gida cikin birni. Sai dai gaisuwar da ya kai fada ba ta gamsar ba. Aka yi ta ja masa rai, wani Balarabe mutumin Tuwat da ake kira Bel-Ghet yana shiga tsakani, yana kuma ƙara masa wahala. Sarki ya nemi magunguna a wurinsa, har da rokoki na tsorata abokan gaba. Wannan buƙata ba abin dariya ba ce, don a lokacin mayaƙan Maraɗi da Gobir na yawan kai hari ƙasar Katsina. Sai da Barth ya ƙara kyauta aka sake shi, ya shiga Kano a farkon Fabrairu.

Wannan zama na dole ya amfani tarihi. Barth ya lura da ganuwar birnin, ya ƙiyasta kewayenta ya kai mil 13 zuwa 14, amma mazauna ciki ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba. Ya rubuta sunayen unguwanni masu yawa, ya kuma bayyana yadda kasuwanci ya koma Kano bayan jihadi. Duk da abin da aka yi masa, ya yaba da lafiyar iskar ƙasar Katsina da kyawun Hausar mutanenta.

Ya dawo Katsina a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato da Tambutu, inda Shehu Ahmad al-Bakkay ya ba shi kariya. Kafin nan abokan tafiyarsa biyu duk sun rasu.

A 1855 ya koma Turai tare da yara biyu, Abbega da Dorugu. Daga bakin Dorugu ne J. F. Schön ya rubuta labaran da suka shiga littafin Magana Hausa. Barth ya wallafa labarin tafiyarsa a mujalladi 5 tsakanin 1857 da 1858, ya rasu a Berlin ranar 25 ga Nuwamba, 1865, yana da shekara 44.